Shaidar Hannu a Gaban Kyamara

Duk mai ɗaukar hoto da ya ƙudiri aniyar yin jerin hotuna a kan hannun ɗan Adam da ma'anarsa ta ruhi, abin da ke fara faɗo masa a rai kusan iri ɗaya ne da na sauran abokan sana'arsa: tafuka biyu a ɗage ana addu'a, yatsu suna jan carbi, hannun tsohuwa mai tamoji riƙe da na jinjiri, sai kuma haske ya ratso ta taga ya sauka a kansu. Hotunan nan suna da kyau, ba kuma za a rasa mai yaba su ba. Illarsu ita ce tun kafin a ɗaga kyamara an riga an san abin da za su faɗa, don haka mai kallo ba ya ƙaruwa da komai, sai dai ya gyaɗa kai ya wuce. Ra'ayina shi ne wanda yake son aikin nan ya yi nauyi, to ya daina farautar alama, ya koma neman shaida. Ma'anar hannu tana cikin abin da ya aikata, da wanda ya aikata wa, da wurin da aka yi aikin, kuma siffar da aka jera yatsu a cikinta ba ta ɗauke da wannan ma'ana ita kaɗai. Daga wannan hukunci ne sauran tsarin aikin zai fito: wa za a ɗauka, a ina, da wane haske, da wane rubutu a ƙasan hoton, da kuma hannun da ya wajaba a ƙyale shi ba a ɗauka ba.

A fara da tafin hannu a buɗe, yatsu biyar a ware, yana fuskantar mai kallo. A gumakan Buddha da ke ƙasashen Asiya, hannun dama da aka ɗaga tafinsa yana kallon jama'a yana nufin kwantar da hankali da kore tsoro. A Maroko da Tunisiya da Aljeriya ana ƙera siffar tafin hannu da azurfa, ana kiranta hamsa, ana rataya ta a wuya ko a ƙofar gida da nufin kariya daga kambun baka. Idan kuwa aka ware yatsun nan aka watsa su ga fuskar mutum a Kano ko Damagaram, daƙuwa ce, zagi ne da ke taɓa mahaifiya, kuma yakan jawo faɗa. Haka abin yake ga dunƙulallen hannu. A shekarar 1968, a gasar Olamfik ta birnin Meziko, Tommie Smith da John Carlos sun ɗaga dunƙulallun hannuwansu a kan dandamalin karɓar lamba don nuna adawa da wariyar da ake yi wa baƙar fata a Amurka, kuma aka sallame su daga gasar saboda haka. A ƙofar fadar sarki ranar hawan salla, mahayin da ya sukwano doki ya ja linzami ya ɗaga dunƙulallen hannu, jinjina yake yi, wato biyayya da girmamawa ga mai mulki. Siffa ɗaya ce, a can tawaye, a nan mubaya'a. Mai hoton da ya yanke wurin da abin ya faru ya bar hannun kaɗai, ya yanke abin da ke tantance wanne ake nufi.

Ba sai an tsallaka teku ba ma kafin a ga haka. A cikin addini ɗaya, mazhaba ɗaya, gari ɗaya, inda mutum ya ajiye hannunsa a tsayuwar salla ya taɓa zama abin da ke raba sahu a ƙasar Hausa. Sadalu, wato sakin hannu a gefe, shi ne abin da aka gada a yankin nan tun da daɗewa. Da almajiran Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha suka yaɗa ƙabalu, wato ɗora dama a kan hagu a ƙirji, a tsakiyar ƙarni na 20, malamai sun yi rubuce-rubuce suna kare wannan ko wancan, kuma an kai ga rigingimu a wasu masallatai. Wanda ya san tarihin nan, in ya ga hoton dattijo ya ɗora dama a kan hagu a ƙirjinsa, zai karanta malamansa da zamaninsa da irin gwagwarmayar da aka sha. Baƙon da bai sani ba zai ga mutum mai natsuwa kawai. Dukansu biyu hoto ɗaya suke kallo, amma ɗaya ne kaɗai aka ba shi abin da zai fahimci hoton da shi.

Mai ja da wannan magana yana da hujja mai ƙarfi, kuma tsohuwa ce ƙwarai. Zai ce: to ina batun hannuwan da ke jikin kogunan duwatsu? A tsibirin Sulawesi na Indonesiya, binciken da aka wallafa a 2014 ya nuna cewa wani hoton tafin hannu da ke jikin dutse ya kai aƙalla shekara 39,900. A kudancin Ajantina akwai kogon da ake kira Kogon Hannuwa, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1999, bangonsa cike da ɗaruruwan tafuka. Mutanen da ba su taɓa jin labarin juna ba sun yi abu ɗaya: sun manna hannu a dutse, sun fesa launi a kewayensa, sun janye. Ashe wannan bai nuna cewa hannu yana da harshen da kowa ke ji ba? Na yarda cewa hannuwan nan suna taɓa zuciyar duk wanda ya gan su. Sai dai a lura da abin da ke taɓa zuciyar. Babu wanda ya san tabbas ko ibada suke yi, ko alamar balaga ce, ko iyakar farauta suke shatawa. Ma'anar da suka nufa ta tafi tare da su. Abin da ya rage shi ne tabbacin cewa wani mutum takamaimai ya tsaya a nan, ya yi wani aiki. Har ma ana iya ganin yadda ya yi aikin, domin galibin tafukan kogon Ajantina na hagu ne, abin da masu bincike ke fassarawa da cewa hannun dama ne ke riƙe da bututun ƙashin da ake hura launin. Wato abin da ya tsallake dubban shekaru ya iso gare mu shi ne shaidar, alamar kuwa ta ɓace a hanya. Hujjar mai jayayya, in aka bi ta zuwa ƙarshe, gefena take komawa.

Harshen Hausa ma haka ya ɗauki hannu. In aka tattara maganganun da ake yi da shi, da wuya a sami wadda ke bayanin kyansa ko siffarsa; kusan dukansu mu'amala suke aunawa. Mai kyauta an ce yana da sakin hannu, mawadaci mai abin hannu ne, wanda ke ci daga abin da ya samo yau yana zaman hannu baka hannu ƙwarya, wanda ya dawo ba komai ya dawo hannu Rabbana. Baƙon da aka yi murna da zuwansa an karɓe shi hannu bibbiyu. Wanda ake zargi an ce yana da hannu a cikin lamarin, wanda ya janye ya tsame hannunsa, wanda ya amince ya sa hannu. Gargaɗin da aka yi cikin hikima hannunka mai sanda ne. Ko a wajen aure, in magana ta yi nisa har aka miƙa amanar yarinya, a hannun wani aka damƙa ta. Wannan tarin kalmomi yana nuna cewa Bahaushe yana kallon hannu a matsayin wurin da halin mutum ke fita fili ya shafi wani. Zuciya ɓoyayya ce, baki yana iya faɗin abin da ba haka ba, amma abin da hannu ya bayar ko ya hana, ya gina ko ya rushe, yana nan kowa na gani. Mai hoton da ke aiki a tsakanin masu wannan harshe, in ya kawo musu hannu a sake, ba ya ba kowa komai, ba ya karɓar komai, ya kawo musu abin da harshensu bai saba ɗauka da muhimmanci ba.

Nassin addini ya fi harshe fitowa fili a nan. A cikin Suratu Yasin an ba da labarin ranar da za a rufe bakuna, hannuwa su yi magana, ƙafafu su ba da shaida a kan abin da mutum ya aikata, kuma Suratun Nur ta maimaita ma'anar. A hadisin da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mata su riƙa ƙirga tasbihi da yatsunsu, dalilin da ya bayar kuwa shi ne za a tambayi yatsun kuma za a sa su yi furuci. A cikin Buhari an nuna cewa babu abincin da ya fi wanda mutum ya ci daga aikin hannunsa, aka kuma kafa misali da Annabi Dawuda. Hannun da ke bayarwa an fifita shi a kan mai karɓa. A hadisin Muslim game da alwala, zunuban da hannu ya ɗauka suna fita tare da ruwan da ke zuba daga gare shi. A duk waɗannan wurare ba a ba hannu daraja don yana kama da wani abu ko yana wakiltar wani abu ba. An ɗauke shi a matsayin wanda ya halarci aiki, yake riƙe da labarinsa, kuma za a nemi ya faɗa. Ga mai hoto wannan babbar kyauta ce, domin kyamara ba ta iya ɗaukar abin da ke cikin zuciya, amma ta ƙware wajen ɗaukar sawun da aiki ya bari a jiki.

Saboda haka tsarin aikin ya fara daga wuraren sana'a. A ɗauki marinar Ƙofar Mata a Kano. Marini yana zaune a bakin rami, ya tsoma ƙyalle cikin ruwan baba, ya juya shi a ƙasa, ya ɗago. Ƙyallen yana fitowa da launi mai ɗan kore, sai iska ta buge shi ya riƙa komawa shuɗi a kan idon mai kallo, sannan a sake tsomawa, a sake ɗagowa, har launin ya kai inda ake so. Hannun da ya shekara yana wannan aiki ba ya komawa yadda yake. Shunin yana maƙalewa a gefen farce, yana bin layukan tafi ya fito da su ɗaya bayan ɗaya, yana tsayawa a wani wuri a tsintsiyar hannu inda ruwan ke kaiwa kullum. Idan aka kira salla, wannan hannun ne zai ɗauki buta, ya tsettsefe yatsu, ruwa ya bi ta kan shunin ya gangara zuwa gwiwar hannu, shunin kuma bai fita ba. Hoton da ya kama wannan lokaci ya haɗa neman halal da ibada a fata ɗaya, ba tare da an ce wa kowa ya gyara tsayuwa ba. Ba a samun irinsa da ziyarar rabin awa. Sai an zauna, an saba, har mai aikin ya manta da kyamarar. Mai ɗaukar hoto Tina Modotti ta gane haka a Meziko: hotonta na 1927 na hannuwan wani lebura da suka huta a kan ƙotar kayan aikinsa ba ya nuna fuska, amma ƙura da kanta da yadda yatsun suka saki jiki sun isa su faɗi irin yinin da mutumin ya yi.

Wannan ra'ayi yana da sakamako har a kan dabarun ɗauka. Hasken da ke zuwa daga gefe, irin na sassafe ko na bayan la'asar, shi ke fito da kanta da tabo da jijiya. Hasken tsakar rana ko fitilar kyamara da ke dukan hannu gaba da gaba shafe su yake yi. Yawancin masu irin wannan aiki suna rugawa ga hoto baƙi da fari don yana ba da kamannin tsufa da natsuwa, amma a ƙasar da lalle da shuni da jan fatar dukawa da baƙin tawadar allo suke cikin labarin hannu, cire launi cire hujja ne. Akwai kuma matsalar auna haske. Bayan hannun baƙin mutum da tafinsa sun bambanta sosai wajen duhu, in aka auna da ɗaya sai ɗayan ya ɓace. Wannan ba laifin fatar ba ne. Tun daga shekarun 1950 kamfanin Kodak ya daɗe yana daidaita launin hotuna da katin gwaji mai ɗauke da hoton farar mace, kuma an ɗauki lokaci mai tsawo kafin a gyara wannan son kai. Mai hoto a yau ya auna haskensa da fatar da ke gabansa. Kada kuma ya matsa kusa har ya fitar da kayan aiki daga cikin hoton. Askar wanzami, guduma da arautakin maƙeri, alƙalamin mai rubutun allo, muciyar mai tuƙa tuwo, su ne ke gaya wa mai kallo dalilin da ya sa wannan yatsa ya lanƙwashe, wancan wuri ya yi kanta.

Abin da ke faruwa in aka raba hannu da mai shi, tarihin wani zane ya nuna shi. A wajen 1508 Albrecht Dürer na Jamus ya zana hannuwa biyu a haɗe suna addu'a a kan shuɗiyar takarda. Gwaji ne yake yi don hannun wani manzo da zai zana a cikin babban allon coci da wani attajirin Frankfurt, Jakob Heller, ya ba shi kwangila. Babban allon ya ƙone a gobara a 1729, takardar gwajin ta tsira, tana nan a gidan adana zane na Albertina a Biyana. Daga baya aka kwafe ta ba iyaka, a kan kaburbura da katunan gaisuwa da kwanukan ado, har ta kai mutane suna ganinta ba sa kallonta. Ba gwanintar Dürer ce ta ragu ba. Hannun ne ya zama na kowa, da ya zama na kowa kuma sai ya daina ba da labarin kowa.

A nan wani zai kawo uzuri mai ma'ana, musamman a ƙasarmu: ɗaukar hannu ba tare da fuska ba hanya ce ta kiyaye kunya da sutura. Akwai matan aure da ba za su yarda a ɗauki fuskarsu ba amma za su bari a ɗauki hannunsu yana murza zare ko yana dama fura, akwai kuma malaman da ke ƙyamar hoton fuska. Wannan gaskiya ne, kuma yana daga cikin abin da ya sa aikin ya dace da wurin nan. Yana buɗe ƙofofin da hoton fuska ba zai buɗe ba. Amma kada a ɗauka cewa rashin fuska ya sauke nauyin neman izini. Hannu yana fallasa mai shi fiye da yadda ake zato. Tun 1858 wani jami'in mulkin mallaka na Ingila a Bengal, William Herschel, ya sa ɗan kwangila ya buga tafin hannunsa a bayan takardar yarjejeniya don kada ya musanta, kuma daga irin wannan ne aka kai ga dangwala yatsa da muke yi a banki da rumfar zaɓe. A 2014 wani masanin kwamfuta a Jamus, Jan Krissler, ya nuna cewa ya kwaikwayi zanen babban yatsan ministar tsaron ƙasar ta lokacin, Ursula von der Leyen, daga hotunan da aka ɗauke ta a bainar jama'a. Ko ba a je can ba, a unguwa kowa ya san zoben wance da tabon ƙunar wane. Don haka izinin da za a nema cikakke ne: a gaya wa mutum inda za a baje hoton, a nuna masa kafin a fitar, a kuma guji fito da zanen yatsunsa tar a hoton da za a sa a intanet.

Batun suna ya fi wannan zurfi, kuma hotuna biyu daga nahiyar nan sun isa su bayyana shi. A 1904, a Kwango ta zamanin Sarki Leopold na Biyu na Beljiyam, Alice Seeley Harris ta ɗauki hoton wani mutum mai suna Nsala, daga Wala, yana zaune yana kallon yankakken hannu da ƙafar 'yarsa ƙarama, waɗanda masu gadin kamfanin roba suka yanke. Hoton ya zagaya Ingila da Amurka a hannun masu fafutukar kawo gyara, yana cikin abin da ya tada hankalin duniya har aka karɓe Kwango daga hannun Leopold a 1908. Ƙarfinsa ya zo ne daga cewa akwai uba, akwai suna, akwai ƙauye, akwai wanda ake tuhuma. A 1980 kuma Mike Wells ya ɗauki hoton ƙanƙanin hannun wani yaro da yunwa ta cinye a Karamoja ta Yuganda, yana kwance a cikin tafin wani Bature ɗan mishan. Hoton ya ci babbar lambar hotunan jarida ta duniya, kuma an ruwaito cewa shi kansa Wells bai ji daɗin cin lamba da hoton masu mutuwa da yunwa ba. Ba a san yaron da suna ba. Hannunsa ya zama alamar Afirka mai karɓa, ɗayan kuma alamar Turai mai bayarwa, kuma wannan karatu ya daɗe yana yi wa nahiyar illa. Duka hotunan gaskiya suka ɗauka, amma na farko ya kai ƙara, na biyu ya tsaya ga neman tausayi.

Masu ganin cewa rubutu a ƙasan hoto yana rage masa daraja ta fasaha, su dubi aikin J.D. 'Okhai Ojeikere. Daga 1968 ya shiga ɗaukar kitson matan Najeriya, ya tara hotuna kusan 1,000, galibi daga baya ko daga gefe, ba tare da fuska ta zama abin kallo ba, yana kuma kula da sunan kowane kitso da inda ya fito. Wannan kulawa ba ta hana hotunan shiga manyan gidajen baje kolin duniya ba, ita ce ma ta sa suka zama taska da masu tarihi ke komawa gare ta. Wanda zai yi aikin hannuwa ya ɗauki wannan tarbiyya: sana'ar mutum, garinsa, shekarun da ya yi yana aikin, wanda ya koya masa, da sunansa in ya yarda. In kuma an ba shi dama ya faɗi jimla ɗaya game da hannunsa da bakinsa, ta fi duk wani taken da mai hoto zai ƙirƙira.

Jayayya mafi nauyi ita ce ta niyya, kuma ba na ganin za a iya kawar da ita gaba ɗaya. Ayyuka da niyya suke tafiya, niyya kuma ba ta fitowa a hoto. Hannun mai riya da na mai ikhlasi iri ɗaya suke ɗaguwa a addu'a, kanta kuma tana fitowa a hannun mai gaskiya da na mai tauye mudu. In haka ne, ina ruhin da ake cewa za a ɗauka? Amsata ita ce mai hoto ya karɓi wannan iyaka, kada ya yi ƙoƙarin tsallake ta da dabara. Hasken da ake ƙarawa da kwamfuta ya sauko daga sama kan tafin mai addu'a da'awa ce cewa an karɓi addu'ar, kuma babu mai hoton da ke da wannan sani. Michelangelo ya zana yatsan Mahalicci yana miƙuwa ga na Adamu a rufin cocin Sistine a Rum tsakanin 1508 da 1512. Wannan hanya ce da al'adarsa ta ba shi, Musulmi kuwa ba zai bi ta ba, ko a fili ko a sakaye. Abin da ya rage wa mai hoto shi ne abin da ya rage wa alƙali: ba ya ganin zuciya, amma yana sauraron shaidu, kuma shaida ɗaya ba ta isa yanke hukunci. Wannan ne dalilin da ya sa aikin ya zama jeri. In aka bi hannu ɗaya daga asuba zuwa dare, yana alwala, yana aiki, yana ƙirga kuɗi, yana ba yaro loma, yana tagumi, mai kallo zai fara ganin hali, ko da ba zai taɓa ganin niyya ba. Hali kuwa shi ne iyakar abin da ɗan Adam ke iya sani game da ɗan'uwansa.

Akwai haɗari guda da wannan hanya ke ɗauke da shi, wato a mayar da wahala abin ado. Hannun talaka mai tsagewa yana da daɗin ɗauka, kuma abu ne mai sauƙi a cika bango da shi a kira shi tsarki, alhali mai hannun da zai sami safar aiki da magani da ya fi so. Maganin wannan shi ne a faɗaɗa da'irar. Hannun likitan tiyata da na ungozoma, na telan da ke kan keke da na yarinyar da ke koyon rubutu a kwamfuta, na ɗan dambe da aka naɗe da zare, na ma'aikacin da ke sa hannu a takardar da za ta ba wani haƙƙinsa ko ta hana shi, duk suna cikin lissafin. Hannu mai laushi ma za a tambaye shi, wataƙila tambayarsa ta fi tsanani. Jerin da ya nuna hannun masu ƙaramin ƙarfi kaɗai ya bar rabin maganar a waje.

Sannan akwai hannuwan da kamalar aikin ke cikin barin su. Hadisin mutum bakwai da za su sami inuwa ranar ƙiyama ya ambaci wanda ya ɓoye sadakarsa har hagunsa bai san abin da damansa ya bayar ba, kuma Linjilar Matiyu ta yi wa Kirista irin wannan horo. Hoton hannu yana miƙa sadaka, wanda ya zama ruwan dare a shafukan masu rabon tallafi, yana rushe sharaɗin da ya ba aikin darajarsa, yana kuma tozarta mai karɓa. Haka hannun mai wankan gawa: shi ne hannu na ƙarshe da ke taɓa mutum, babu kuma wanda ya fi shi cancantar girmamawa, amma aikinsa an gina shi a kan rufin asiri, don haka kyamara ba ta da wurin tsayawa a ɗakin. In ana son a girmama shi, a ɗauki hannunsa a wani lokaci dabam, a rubuta aikinsa a ƙasa. Hannun kuturu ko na wanda haɗari ya nakasa ba a haramta ɗaukarsa ba, amma sai in shi ya so, kuma a nuna shi yana abin da ya iya yi, kada a ɗauke shi yana bara. Addu'ar da aka ce wa mutum ya maimaita don haske bai yi daidai ba, ta tashi daga addu'a, kuma bai halatta a rubuta mata wannan suna a ƙasan hoto ba.

Kirana ga matasan da ke yawo da kyamara a Kano da Zariya da Sakkwato da Maraɗi shi ne su fara aikin nan yanzu, su kuma fara daga unguwarsu. Yawancin ramukan marina sun daina aiki, masaƙa da majema suna raguwa, kuma da yawa daga cikin masu riƙe da waɗannan sana'o'i dattawa ne da 'ya'yansu suka kama wata hanya. A zaɓi mutum goma ko goma sha biyu, a nemi izininsu da na iyalansu, a zauna da su har a saba, a rubuta abin da suka faɗa yadda suka faɗe shi. In an wanke hotunan, kafin a kai su wani zauren baje koli, a fara kai wa kowane mai hannu nasa kwafin har gida.